Iya Yagana da Biskitin da Bai Ga Wuta Ba

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Tanut da sassafe ya san ƙarar turmin Iya Yagana. Dabino take kirɓawa, a hankali, tana yi tana hutawa, don ƙugunta ya daina ba ta haɗin kai. Idan ya yi laushi sai ta kwashe shi a ƙwarya, ta zuba hatsin nan na Nasara mai falle-falle, ta barbaɗa madarar gari, ta sa ɗan man shanu. Sai ta ɗauki lemon tsami ta kankare koren bayansa a ciki, ta yanka, ta matse ruwan ta tsakanin yatsunta don kada 'ya'yan su faɗa. Ta cuɗa, ta mulmula, ta danne kowanne da tafin hannu ya yi faɗi, ta jera a faifai, ta rufe da tsumma mai tsabta ta ajiye a inuwa. Kafin azahar ya kama jikinsa, ba tare da ya ga murhu ko kasko ba. Da la'asar ta fito da faifan ƙofar gida ta zauna. Mutanen unguwa kuwa su raɓa ta ɗaya gefen hanya, suna ɗaga mata hannu daga nesa kamar akwai kare mai cizo a ƙofarta.

Ni ne Barmo tela, mai keken ɗinki a rumfar da ke kallon tashar kamyo, wato manyan motocin kaya. Wanda ya ga fuskata ya san inda na je na dawo, zanzana ce har cikin kunne. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami shi ne Iya Yagana na shirin barin garin nan, ta koma Tarka gidan ƙanenta, ta zauna sai abin da aka ɗibo aka ba ta. Ba ciwo ne zai kore ta ba. Mace ce mai sana'ar abin ci, garin kuma ya daina cin abin hannunta. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, kuma wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, ko kada ya yi.

Bari in tuna wa masu saurin mantuwa. A bazarar 1967 agana ta shigo mana. Aka kafa bukkokin zana a bayan gari, aka kewaye su da ƙaya, aka sa gardi a bakin shiga. Wanda ƙuraje suka feso masa, can za a kai shi, ko ɗan wane ne. Majo Attahir, shugaban gidan likita, ya bi gari yana neman wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, tunda irinsu ba ta sake kama su, ya zo ya riƙa shiga da abinci da ruwa. Masu zanzana a Tanut ba su ƙirguwa, wallahi, har da ƙarti masu gemu. Kowa ya tuna yana da uzuri. Iya Yagana, mai gumba da dakuwa a bakin kasuwa, wadda agana ta ci fuskarta tun tana goye, ita ce ta ɗaura zane ta ce, "Majo, nuna mini hanya."

Abin da majo yake da shi na ba majinyata buhunan taimako ne: madarar gari, da wannan hatsi na Nasara da aka ce a ƙasarsu har dawaki ake ba. Da farko dama shi take yi a gida kamar kunu, ta ɗauko a ka. Tir! Yauƙi gare shi kamar miyar kuɓewa, kafin rana ta take ya yi tsami, mai ciwo ya kurɓa ya dawo da shi. Duk da haka shi ne abincinmu, sai kuma ɗan abin da dangi ke ajiyewa a bakin ƙaya su juya da gudu.

Kun san al'adarmu. Mace ta tashi da safe ta tarar wutarta ta mutu, sai ta ɗauki kasko ta leƙa maƙwabta ta ɗebo garwashi. Ba a roƙo, ba a godiya mai tsawo, yau ke gobe ni. Shekara da shekaru Iya Yagana da maƙwabciyarta Salamatu katanga ɗaya ce tsakaninsu, wuta na ƙetarawa ta nan ta can. Kuma 'yar Salamatu, Balki, tana cikin bukkokin nan a lokacin, budurwa, jikinta ya kumbura har ba a gane ta. Wata safiya Iya Yagana ta miƙa kaskonta ta kan katanga.

"Salamatu, ina kwana? Ɗan sam mini wuta."

Sai muryar Salamatu ta fito daga cikin ɗaki.

"Yaya, ki yi mini aikin gafara. Kaskon nan naki kada ya shigo mini gida."

"To zuba mini daga nan, ba sai kin taɓa ba."

"Yaya, ina da ƙanana. Ki nema gaba."

Ta nema gaba, gida bayan gida, duk amsar ɗaya. Masu itace ma da jakunansu suka riƙa tsallake ƙofarta, ko ta kira su yi kamar ba su ji ba. Ta dawo ta zauna gaban murhu mai sanyi, ga buhun hatsi, ga mutane can bayan gari suna jiran karin kumallo. Na tambaye ta daga baya ko ta yi kuka. Ta ce, "Kuka kuma? Ina na ga lokacinsa? Cewa na yi, ni da nake gumba tun kafin a haifi uwayensu, wuta ce za ta hana ni ciyar da mutum?" Ta tuna tukuɗin da Buzaye ke yi da gero da dabino da cuku, su yi doguwar tafiya da shi bai lalace ba. Ta kirɓa dabino, ta zuba hatsin ɗanye. Ƙarnin madarar ya dame ta, sai ta tuna da lemon tsamin da Tanko direba ya kawo mata tsaraba daga Damagaram. Ranar aka fara abin da majo ya sa wa suna biskitin Yagana.

Ni na ci shi a kwance, don haka ba labari aka ba ni ba. Na yi kwanaki ko ruwa na gani sai zuciyata ta tashi. Ta durƙusa kaina, ta gutsuro kaɗan ta kai mini hanci tukuna, ƙanshin lemon ya shige ni har ƙwaƙwalwa, sai ga yawu a bakina. Ta ce, "Yawwa, ɗan nema, ashe kana ciki. Buɗe." Waɗanda bakinsu ya yi gyambo kuwa daban take yi musu, ba lemo, ta jiƙa shi a ruwa ta riƙa ɗiga musu da ludayi. Kuma abin ba ya lalacewa da wuri, sai ta bar wa kowa nasa a gefen tabarma, in yunwa ta taso masa bayan ta tafi ya lalubo ya ci.

Ku je ku tambayi majo Attahir, yana nan da ransa. Ni ya faɗa wa a rumfata, ina auna masa wando: "Barmo, ni magani nake da shi na ƙuraje da zazzaɓi, ba ni da maganin yunwa. Da yawa daga cikinku ba agana ce za ta kashe ku ba, rashin ci ne." Ku tambayi Aghali, makiyayin da ya kwanta kusa da ni, wanda ba shi da kowa a garin nan. Har yau in ya shigo kasuwa sai ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofarta, ya zauna a tabarmarta ya ci, ya bar mata cuku. Shi da 'yan uwansa makiyaya da 'yan tsiraru daga cikinmu masu zanzana mu ne cinikinta duka, kuma makiyayi ba kullum yake gari ba.

Balki kuwa a cinyar Iya Yagana ta yi jinyarta. Idonta ya rufe da ruwan ƙuraje, tana kiran "Inna, Inna," Iya Yagana na amsawa, "Na'am, ga ni." Ita ta riƙa wanke mata ido da ruwan ɗumin rana har ya buɗe. Kunun da Salamatu ke ajiyewa a bakin ƙaya, Iya Yagana ke ɗaukowa ta ba yarinyar, ta wanke ƙwaryar ta mayar. Ba ta taɓa gaya wa Balki zancen wutar ba. Waɗanda kwanansu ya ƙare a can kuma, matan cikinsu, ita ta yi musu wanka ta sa su a likkafani, don babu wadda ta yarda ta zo.

Ke ce uwar waɗanda uwayensu suka tsaya a bakin ƙaya, Iya Yagana. Ke ce mai shiga inda maza suka ja da baya. Ke kika san sunan kowa a lokacin da fuska ba ta nuna mai ita.

Sai masu lambar rigakafi suka zo da motocinsu suka bi kowa a dantse, ciwon ya kwanta, aka cinna wa bukkokin wuta. Aka yi taro a gaban gidan kumandan mai mulkin gari, aka yi jawabi, aka tafa wa wanda ya kamata da wanda bai kamata ba. Ba wanda ya aika a kira ta. Wannan bai dame ta ba, ni ma ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai, mu da muka yi ciwon, muka zubar da ruwan ƙuraje a tabarma, da muka fito guɗa aka yi mana, aka yanka kaji, aka rungume mu. Ita da ba ta yi ciwon komai ba a wannan karon, ita aka bar wa ƙyamar. Wai hannunta ya taɓa gawar agana. Wai ciwon ya san ta, shi ya sa yake bar ta tana shiga tana fita. Haba jama'a! Hannun da ya sa wa 'ya'yanku abinci a baki yana da tsabta ran nan, yau ne ya zama ƙazami?

Na san Salamatu ta binne yara biyu a wata agana ta can baya, kuma na san tsoro ba ya jin magana. A lokacin ciwo na yi mata uzuri. Amma shekara biyu ke nan ko mutum ɗaya bai kwanta ba.

Da Balki ta yi aure bara, Iya Yagana ba ta je ba, ta ce kada ta ɓata wa yarinya taro. Da ta haihu a watan nan, ta zo wankan jego gidan uwarta, sai tsohuwa ta ga dama ta samu. Majo ya riga ya gaya mata hatsin ya daina zuwa, na ƙasan buhu shi ne na ƙarshe. Ta ce da ni, "Barmo, ranar suna gari duka zai taru. In aka ci nawa a gidan Salamatu, a gaban mata, magana ta ƙare, gobe kowa zai saya, ko da gero ne sai in ci gaba. In ba a ci ba, ka ɗinke mini bakin buhunan kayana." Ta sa Tanko ya zo mata da lemo sabon tsinka. Ta kakkaɓe buhun tas. Ta sayi sabon faifai da sabon tsumma, don kada a ce tsofaffin sun je bayan gari. Na ga abin da idona kafin ta rufe, an jera shi gwanin kyau, ƙanshi har waje. Ta yi wanka, ta kai da kanta, ta miƙa daga bakin zaure ta dawo.

Bayan la'asar Salamatu ta fito da faifan, ta riƙe shi da gefen mayafinta. Ta ajiye a ƙofar Iya Yagana, a ƙasa.

"Yaya, an gode, Allah ya bar zumunci. Abinci ya yi yawa ne, kada ya lalace."

Ko tsumman ba a ɗaga ba. Matan da ke ciki sun ce Balki ta ji ƙanshin ta ce a ba ta ɗaya, Salamatu ta ce ba da jariri a nono ba, yarinyar ta juya fuska bango tana hawaye.

Iya Yagana, mun gode. Ni Barmo na gode, a madadin duk wanda ya fito daga bayan ƙayar nan da ƙafarsa, da waɗanda ba su fito ba amma suka tafi da cikinsu ba yunwa, da suturarsu. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa. Ya sa hannun nan naki ya zama shaida a gare ki ranar da ba mai gudun wani.

Ku kuma mutanen gari, da ma a irin wannan rubutu cewa ake a yi koyi da mutum. Ina jin nauyin faɗa muku haka, don koyi da ita ya fi ƙarfin yawancinmu. Amma ku gwada, ko da kaɗan ne: in maƙwabcinku ya shiga abin tsoro saboda ku, kada ku rufe masa ƙofa in ya fito. Ku fara da abu mai sauƙi. Ku je ku yi sallama, ku zauna a tabarmarta, ku ce ta dama muku gumba, ku sha tana kallo. Ku yi sauri kuma, don Tanko ya ce ya ajiye mata wuri a kamyonsa ran kasuwa mai zuwa.

Jiya na je da allura da zare kamar yadda ta ce. Na tarar da ita zaune, faifan sunan yana gabanta a buɗe, ta gutsuri ɗaya tana taunawa a hankali, tana jujjuya shi a baki.

"Barmo, ɗanɗana ka gaya mini gaskiya, harshena ya tsufa. Ko tsamin ne ya yi yawa?"

Na ɗauka na ci. Na ce, "A'a, Iya, daidai yake. Ba ki taɓa yin mai daɗinsa ba."

Ta daɗe tana kallon faifan. Sannan ta ɗago ta ce, "To, ɗana, me na yi musu?"