Shisshigin Yayana Mai Ɗinkin Kundi

Yayana akwai shisshigi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Sana'arsa ɗinke kundin binciken ɗalibai a wani ɗan shago bakin ƙofar jami'a, amma ba ya sa wa kundi bango sai ya karanta shi. Yau na likitanci kan hawan jinin masu ciki, gobe na waƙoƙin masunta, jibi na abin da ke raba matasa da gona. Har na lissafi, da ba ya gane ko layi ɗaya, sai ya bi shi shafi-shafi.

Na ce, "Yaya, me ka tsinta a ciki?"

"Ba komai, amma mai shi ya sha wuya. Ke da kika yi sakandare, zo ki gwada mana."

"Allah ya kiyaye."

Da idonsa ya mutu, na ce ya koma gida ya bar wa 'yarsa shagon. Ya ce ta riƙe allura da gam, amma kujera tasa ce, don zaman gida zai kashe shi kafin makanta. Na yi faɗana har na gaji.

Yana nan gefen injin yankan takarda har yau. Duk ɗalibin da ya zo karɓar kundi, sai ya lalubo hannun rigarsa.

"Ɗana, yanzu ba na gani. Zauna ka faɗa min abin da ka gano, a hankali, yadda za ka faɗa wa kakarka."