Kwaɗon da Na Sa wa Rijiyar Kakata

A shekarar da aka ƙirƙiro mana jihar Zamfara na gama makarantar koyon aikin tsafta, aka turo ni gida Ƙaura Namoda a matsayin duba-gari. Aka ba ni kakin aiki da hula da wani littafi mai baƙin bango, kaina kuwa ya kumbura ba kaɗan ba. Sai in bi lungunan unguwarmu ina leƙa randunan matan da suka goya ni, wai ina neman 'ya'yan sauro. Su kuma su ce mini "sannu da aiki, malam," suna ƙunshe dariya a cikin mayafi.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita kaɗai ce ba ta ƙunshe tata. Tun ina tatata muke wasan jika da kaka: ita ta ce ni ne mijinta marar abin hannu, ni in ce amarya ta tsufa zan sake ta in auro yarinya. Ranar da ta fara ganina da kaki sai ta riƙe haɓa.

"Tau! Mijin ga nau an yi mai tufan gwamnati," in ji ta. "Yanzu kai ka auna muna shara?"

A tsakar gidanta akwai rijiya wadda kakana ya haƙa tun kafin a haifi babana. Ruwanta garai-garai, ga sanyi, rabin unguwa nan suke ɗiba. Da ruwan nan aka wanke kakana ranar da ya rasu, kuma kakata ta sha faɗa a gaban kowa cewa ita ma da shi take so a wanke ta. Wannan ita ce magana ɗaya da ban taɓa jin ta sa wasa a cikinta ba.

Bayan unguwarmu, ta wajen tudu, akwai wani tsohon rami da aka ɗebi ƙasar gini, nan ake zuba shara. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ragowar tuwo, duk nan suke ƙarewa. Kowace bazara manoman Banga da Sakajiki sukan zo da jakuna da mangala, su tone abin da ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, su kai gonakinsu taki. Kafin ruwan farko ramin ya kusa zama wayam. Ba wanda ya tsara haka, ba kuma wanda ya taɓa rubuta shi. Ni kuwa na dawo da karatuna cewa shara cuta ce, ba a yawo da ita gari-gari. Na sa aka rubuta allo da jan fenti, an hana ɗiban juji, na kafa shi da hannuna na tsaya gefensa da littafina.

Wani dattijo daga Banga, mai farin gemu da jakuna biyu, ya sa na karanta masa allon har sau biyu.

"Yallaɓai, in munka bar shi, wa za ya kwashe?"

Na ce hukuma za ta kawo mota.

"Tau, Allah shi kawo ta lahiya," ya ce, ya juya jakunansa.

Gaskiyar magana ban tambayi kowa ba ko akwai motar. A littafin da muka karanta dai akwai hotonta.

Bazara uku jakuna ba su zo ba. Ramin ya cika, ya batse, ya zama tsibi har awaki na hawa su hango kasuwa. A daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci aka yi ruwa mai yawa, sai wani baƙin ruwa ya fara tsattsafowa daga gindin tsibin, yana gangarowa ta lungu, yana bin jikin katangar kakata. Matan unguwa suka raɗa masa suna romon juji. Warinsa ya fi tashi idan rana ta buɗe bayan ruwa. Mai wainar bakin lungu ta ɗauke tandarta ta koma wata unguwa, dattawa kuma suna tafiya masallaci da bakin rawani a hanci. Duk wanda ya gan ni sai ya gaishe ni da ladabi fiye da na da, ni kuwa na san abin da gaisuwar take nufi.

A lokacin kowa ya zama mai tambaya a kan tsarki. Bayan kowace salla sai ka ga an kewaye limamin unguwarmu, wannan ya tambayi hukuncin rigarsa, wancan na shimfiɗarsa. Wata safiya liman ya aiko a kira ni. Na same shi riƙe da buta, ya miƙo mini ya ce in shinshina, daga rijiyar kakata aka ɗebo. Ya ce ruwan da ƙazanta ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari ba a alwala da shi, balle a wanke mamaci. Ni ma littafina ya ce ba a shan sa.

Ni da kaina na kai kafinta ya yi wa rijiyar murfin katako, na sa kwaɗo na kulle. Kakata tana zaune a tabarma tana kallo. Na so ta zage ni, ko ta jefe ni da maficinta yadda ta saba. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ka riƙe makullin da kyau, malam," shi ne kawai abin da ta ce.

Tun da nake ba ta taɓa ce mini malam ba. Na fito zaure na tsaya, idona ya cika da hawaye, na ji kunyar kakin da ke jikina. Ta haura tamanin a lokacin, kuma ni ne na tsaya tsakaninta da abu ɗaya da ta roƙa.

Ƙa'ida ita ce ba za a buɗe rijiyar ba sai an magance ruwan juji, an gwada na rijiyar, sannan jami'in da ke kula da irin wannan daga Gusau ya sa hannu. Na rubuta takarda, na zana ramin da nake son haƙawa don tare baƙin ruwan. Jami'in ya zo, wani dogon mutum ɗan asalin Zurmi, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta ƙare. Ya dubi zanena, ya dubi tsibin, ya ce ramina ya yi ƙanƙanta kuma ya yi kusa da gidaje, ba zai sa hannu ba. Raina ya ɓaci, har na fara kawo masa hujjojin makaranta. Bai kula ba. Sai ya tambayi mutanen da suka taru yadda aka yi juji ya kai haka, alhali a garinsu ba ya kaiwa.

Kowa dai ya juya ya kalli allona, wanda yake nan tsaye, fentinsa ko dusashewa bai yi ba.

Jami'in ya karanta, ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, ai motar kwasar shara kak kora, mai ƙahwa huɗu. Hwara cire wanga, sa'an nan mu yi maganar rami."

Na cire allon a gaban jama'a. Wata tsohuwa ta roƙa a ba ta shi, ta yi ƙofar akurkin kaji.

Washegari na hau babur na nufi Banga. Na sami dattijon nan a gonarsa, ga geronsa ya yi rawaya-rawaya don rashin taki. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ce sai na sha fura tukuna. Da na gama shan furar da ba da haƙurin, sai ya shafa gemu.

"Mu dai mun ji zahi, yallaɓai, amma jakkan ga ba su riƙe ka ba. Bari a yanke hatsi, ƙasa ta bushe, za ka gan mu."

Jiran nan shi ne ya fi mini wuya. Maƙwabta suna kawo wa kakata ruwa daga famfon bakin titi, tana karɓa tana godiya, amma ba ta ce yana da daɗi ba ko sau ɗaya. Bayan an yanke gero zazzaɓi ya kwantar da ita kwana da kwanaki. Ina zaune kusa da ita da hantsi ina yi mata fifita, makullin yana aljihuna, sai ta buɗe ido.

"Ka ce ma mutanen Gusau su yi hanzari. Ni ba a ba ni takardar jira ba."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Allah da ikonsa ta tashi, ta rame amma ta tashi, ta ci gaba da ce mini malam.

Da bazara ta kama, jakuna suka zo. Ban taɓa ganin jakuna da yawa haka a wuri ɗaya ba, ko a kasuwar Shinkafi. Labari ya kai ƙauyuka cewa akwai takin shekara huɗu da ba a taɓa ba, har daga wajen Katuru wasu suka taso da amalanke. Abin ya zama gayya. Maza na sara da diga, mata da 'yan mata na tsince leda da fasassun kwalabe, wanda shi ne kaɗai wurin da karatuna ya yi amfani. Gidaje suka riƙa aiko da kunu da ɗanwake. Ba a kira makaɗa ba, amma kukan jakuna ya wadatar. Dattijon Banga ya miƙo mini shebur ya ce hukuma ta kama aiki, na tuɓe rigar kaki na shiga, aka yi ta yi mini shewa. Na yi murna a kwanakin nan kamar ana bikina.

Da tsibin ya baje, muka bi zanen da jami'in ya gyara. Muka ja lambatu daga gindin ramin zuwa can gangare, nesa da gidaje, muka haƙa ramuka uku a jere, muka daɓe su da yumɓu. Na farko muka cika da tsakuwa, na biyu da yashin gulbi, na uku da gawayi, yadda ruwan zai bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya fita cikin ciyawa. Sannan aka kawo masu yasar rijiya daga Shinkafi, suka yashe ta kakata sau uku, aka ɗaure bakinta da siminti, na zuba maganin ruwa. Na sake mayar da kwaɗon, domin jami'in ya ce sai an ga abin da damina za ta yi.

Aka yi ruwan shuka, aka yi na biyu, aka yi wani babba. Washegarin babban, da rana tsaka, lokacin da wari ya saba tashi, sai ga jami'in da kwalabensa. Ya ɗebi ruwa a bakin rami na uku, ya ɗebi na rijiya, ya liƙa wa kowace kwalba takarda. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce abin gwajinsu na Gusau ba shi da hanci, wari kuwa masu unguwa ne za su faɗa. Muka bi gida-gida, ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya tambayi matan gida ko suna jin wari. Gida goma sha wani abu muka shiga. Wata daga bayan labule ta ce, "Na juji dai ya tahi, ranka shi daɗe. Wanda yar rage na bunsurun maƙwabcinmu na, ko shi ma kuna da takarda tai?" Jami'in ya ce wannan ya fi ƙarfin ofishinsu.

A ƙofar masallaci suka haɗu da liman. Liman ya ce shi alamominsa uku ne, kuma ba ya buƙatar kwalba. Jami'in ya ce, Allah shi gafarta malam, akwai abin da ke cikin ruwa wanda ba launi ba wari amma yana kwantar da mutum. Liman ya ce to kowa ya yi nasa, shi zai jira kwalba, kwalba ma ta jira shi.

Mako uku muka yi muna jira. Kullum sai na je ofis na dawo hannu biyu. Ran da takardar ta iso, ɗauke da hatimi da sa hannun dogon mutumin nan, ban ko tsaya tayar da babur ba, da ƙafa na sheƙo. Kafin in kai gida labari ya riga ni, tsakar gidan kakata ya cika da mata, maza sun yi cirko-cirko a zaure. Aka yi wa liman iso. Na buɗe kwaɗon, na ɗaga murfin, na zura guga. Liman ya zuba ruwan a farar ƙwarya, ya duba shi a hasken rana, ya shinshina, ya kurɓa ya juya shi a baki. Ya ce alhamdu lillahi, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Mata suka ɗauki guɗa.

Kakata ta taso da sandarta. Na ɗebo zan miƙa mata, ta ture hannuna, ta karɓi igiyar ta ja da kanta, a hankali, ba wanda ya yi gigin taimaka mata. Ta sha, ta zauna a kan turmi ta yi alwala tsaf, ruwan na bin gwiwar hannunta yana ɗiga ƙasa. Na durƙusa gabanta na ce ta yafe mini, na tsare ta kusan shekara guda.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta watsa mini sauran ruwan da ke hannunta a fuska.

"Tashi, mijin banza, kana ɓata tufan gwamnati. Tun da an buɗe ta, ni kau yanzu ba ni sauri."