Garwashin Inna

Ni dai ba na son hayaƙi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. A Garo na tashi, cikin ƙasar Kabo, a gidan da komai warin hayaƙi yake: hijabina na makaranta, littattafaina, har kitson kaina. Shi ya sa da na yi aure a Gwarzo na kama aikin koyarwa, abin da na fara saya tukunyar gas ce. Ranar da na murɗa ta na ga shuɗiyar wuta ta tashi ba tari ba hawaye, har hamdala na yi.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita kuwa wutar murhunta ba ta mutuwa. In ta kwashe tuwon dare sai ta cusa guntun icen kirya cikin garwashi, ta lulluɓe da toka a hankali kamar mai rufa wa jariri zani. Da ta idar da sallar asuba ta tone da kara, ta hura, sai ka ga ja ya leƙo. Kafin rana ta ɗaga matan unguwa sun fara sallama, wannan da fasasshen kasko, waccan da murfin langa. Ba wai ashana ce babu ba, tana nan a teburin mai kanti. Amma wa zai ƙyasta ashana alhali Inna na nan? An san mai ɗiban wuta da sauri, amma a gidanmu sai garwashi ya mutu a hannun mace tana ba da labarin ciwon haƙorin ɗanta, Inna ta sake zuba mata wani.

Tana da dokokinta. Ba ta sa ice a murhu sai ta bubbuga shi da ƙasa, don tururuwa da gara su fice. "Mai azaba da wuta ɗaya ne," in ji ta, "kuma ba ni ba ce." Ta kuma ji a wajen malamai cewa ruwa da ciyawa da wuta na kowa ne, ta riƙe wannan gam. Akwai wata da suka yi wata guda ba sa ga maciji kan akuyarta ta cinye mana rama, amma kullum sai ta zo ɗiban wuta. Inna ta kau da kai, ta zuba mata mafi ja.

Bayan rasuwar Baba, ga tari ya kama ta, ga katangar gidan ta fara zubewa, na matsa har ta yarda ta dawo wajena. Likita ya ce ƙirjinta ba ya son hayaƙi, ni ma abin nema ya samu. Na ba ta ɗaki mai fanka, na ce ta huta.

Hutun nan bai karɓe ta ba. Takan tashi da asuba ta zauna a bakin ƙofa tana kallon tsakar gidan siminti, hannayenta a cinya. Tuwon gas ta ce ba ya jin wuta. Ta fara ramewa, ta ƙulle kayanta a zani ta ajiye a gefen gado. Kullum maganar ɗaya ce: "Ki sa a mai da ni Garo." Ni kuwa na san in ta koma gidan nan ita kaɗai, ba za ta ga wata damina ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na haƙura na sa aka kawo duwatsu uku da ɗaurin ice, aka kafa mata murhu a gindin katanga, inda iska ke kwashe hayaƙi. Ta yi murna kwana biyu. Ta binne wutarta, ta tone da safe, ta dama koko. Sai kuma ta koma zaman shiru, tana duban ƙofar gida. Na ce, cikin fushi, "Inna, ga murhu ga ice, me kuma ya rage?"

Ta ce, "'Yar nan, garinku ba mai neman komai wajen kowa."

Da yamma na kai kukana wajen maƙwabciyata, wata Hajiya matar ɗan kasuwa, 'yar asalin Sabon Birni, wadda gas ɗinta ma mai kai huɗu ne. Ta saurare ni tana gyara farce kamar ba da ita nake ba, har na ji haushin zuwana.

Washegari ina shirin makaranta na ji sallama. Hajiya ce, da zobban zinarenta, riƙe da wani tsohon murfin langa da ban san inda ta tono shi ba. Ko kallona ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban Inna, suka gaisa, an tashi lafiya, ya kwanan jiki, ya baƙunta, ya sanyin safiya. Sannan ta ce, "Inna, hayaƙi na hango. A sam min wuta in sa turare."

Ban manta yadda Inna ta miƙe ba. Ta gyara ɗaurin zani, ta tone toka, ta zaɓo garwashi tana cewa, "Ki ɗan zuba toka a ƙasa tukuna, kar ya ƙone miki hannu. Ku 'yan birni!" Hajiya ta yi dariya ta ce ita ma a bakin murhu aka yaye ta. Na tafi makaranta na bar su, garwashin na mutuwa a murfi, su ko a jikinsu.

Tun daga ranar Hajiya ba ta fasa zuwa ba. Ta janyo mai wainar bakin layi, da amaryar gidan da ke kallonmu. Na dawo ina tari a gidana, hijabina ya koma warin Garo, ina mita ba mai kula ni. Wata rana na shiga ɗakin Inna shara, na tarar ta kwance ƙullin kayanta ta jera su a kwaba.

Damina uku ta ƙara yi tare da mu. Da ta rasu, ba a ɗora tukunya a gidan ba, maƙwabta ne suka yi ta shigo da abinci, kamar yadda aka saba. Sai bayan sadakar uku, da 'yan Garo suka watse, na tuna da murhun. Na tsuguna na tura hannu cikin tokar har ƙasa. Sanyi ƙalau. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ina nan tsugune na ji sallama. Hajiya ce da murfin langarta, ta kare shi da gefen mayafi saboda iska.

"Wutar Inna ce," in ji ta. "Wadda na ɗiba ranar ƙarshe. Na sa an kafa min duwatsu a bayan kicin, ban bar ta ta mutu ba."

Ta juye garwashin a tsakiyar duwatsun. Na jawo ice zan tura, ta riƙe min hannu.

"Malama, bubbuga shi tukuna."