Ranar da Muka Ce wa Manhaja Albarka

Shekarun baya, mu uku wannan lamari ya haɗa: kawuna, mai tara dawar manoman Tsamaye, wakilin wani kamfanin abincin kaji, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana saye a hannunsa, sai ni, da na kammala jami'a ina jiran aiki.

A da, wakilin kan zo har rumfar kawu a Sabon Birni, ya tauna ƙwayar dawa, ya taya. Kawu ya ce albarka. Wakilin ya juya kamar ya yi fushi, ya dawo ya ƙara, sannan a sallama.

A kakar waccan shekarar sai kamfanin ya koma saye ta manhajar waya. Kawu ya ɗora mini aikin, tunda ni ne mai digiri. Wata Talata tayi ya shigo: buhu ɗari biyu, ga farashi, ga wurin dannawa biyu, na amincewa da na ƙi. Farashin kuwa bai yi muni ba.

"Ce mishi albarka," in ji kawu.

"Kawu, ba mutum ba ne, na'ura ce."

"Ko aljani na, ba a sallama mishi ga tayin farko. Sai shi ɗauka dawarmu ruɓaɓɓa ta. Za shi dawowa."

Na duba shafin sama da ƙasa, ban ga gurbin ciniki ba. Na ƙaddara cewa ƙin shi ne albarkar, na danna. Har da gyara zama, wai ni na iya kasuwa.

Bayan kwana uku shiru, na kira wakilin. Ya ce, "Malam, kana dannawa ta miƙa wa wani mutumin garin Isa tayin. Ni kaina saƙo kawai nike gani, ba ni da ta cewa."

Kawu ya karɓi wayar. "To haɗa ni da mai ita, in ba shi haƙuri."

"Alhaji, wallahi ban san da wa za ni haɗa ka ba."

Tayi bai sake shigowa ba. Na koyi cewa na'ura ba ta juyowa, amma har yau ban gane wanda ya yanke hukuncin ba. Kawu bai taɓa zargina ba. Yakan dai tambaye ni wa muka ɓata wa rai.

Buhu goma sha bakwai ƙwari suka cinye kafin mu sami wani mai saye. Manoma shida suka daina kawo wa kawu dawa. Muka kuma rasa abokin ciniki ɗaya, na shekara goma sha ɗaya.