Mijina Ba Mai Haɗa Bam Ba Ne

Wace ce a cikin matan unguwarmu, waɗanda muka ci tuwon biki da na suna tare, ta leƙa zaurenmu ta ga abin da ta gani, ta kai magana ba tare da ta tambaye ni ba? Har yau ban sani ba. Ni tsohuwa ce a Bagadaza, ban yi boko ba. Maƙwabciyata, tsohuwar malamar makaranta, ita ke rubuta wannan, kuma na ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Ina faɗa ina kuka, amma ba kukan kunya ba ne.

A lokacin ni matar mai gyaran rediyo ce. Malam ya tsufa da taba a baki, tari ya hana shi barci, ni ma ya hana ni. Wani abokinsa Inyamuri mai sayar da kayan wuta a Tudun Wada ya kawo masa sigarin lantarki, irin mai batir da ake dannawa hayaƙi ya fito. Bai daɗe ba madannin ya mutu. Malam ya farke shi, ya ciro wani ɗan madanni daga tsohuwar rediyo, bai fi ƙwayar dawa ba, da ƙafafu huɗu sirara, ya liƙa da dalma. Ya yi aiki. Daga nan ya fara haɗa nasa da jikin tocila da batir da waya, direbobi masu son barin taba suna zuwa nema. Idan babu wuta, a garwashina yake gasa ƙarfen liƙin. Yakan ce aikin na son numfashi ɗaya: ka daɗe da ƙarfen, madannin ya narke, ka yi sauri, dalmar ba ta kama ba. Nakan tsokane shi da cewa mutumin da ba ya ganin gishiri a miya shi ke ganin ƙafar madanni. Ya ce ai gishirin ne ba na sawa.

Shekarun nan ne bam ke tashi a gari, kowa na tsoron jakar ɗan'uwansa. Ni kuwa, kamar kowace mace, gwangwanin madara ba ya zama fanko a ɗakina. Na ga kaji na tsattsagar madannan, sai na tattara sigarin da bai gama haɗawa ba, da batir da wayoyinsu, na zuba a gwangwani na rufe, na ajiye a kan teburinsa a zaure. Wayoyi na leƙowa ta bakin murfi. Wata la'asar masu bindiga suka cika zauren. Malam ya yi ta rantsuwa cewa taba ce, ya ɗauki sigari ɗaya da ya gama haɗawa zai danna ya nuna musu hayaƙin. Ganin yatsansa a kan madanni, suka buge shi ya faɗi. Suka tafi da shi da gwangwanin. Abokinsa ya bi sawu da sigarin lantarki irin na kanti a hannu don ya ba da shaida, ba a saurare shi ba. Daga baya saƙo ya zo cewa tarin ya kashe shi a tsare. Ban ga gawarsa ba.

Mata suka daina aiko min yara sayen ƙuli. 'Yan'uwana suka ce in koma ƙauye har magana ta kwanta, in jefa kayan aikinsa a masai. Na ƙi. Teburinsa na nan a zaure, ƙofa a buɗe. Wanda ya ce mijina mai haɗa bam ne, ya zo ya faɗa a gabana. Gwangwanin ni na rufe shi, kuma ban yarda laifi na yi ba. Gyaran ɗaki na yi.

Abin da na koya, tsoro na sa mutum ya manta fuskar da ya sani tun ƙuruciya. Masu gyara, ku nuna wa maƙwabta abin da kuke haɗawa tun kafin su yi zato. Ku kuma maƙwabta, ku yi sallama ku tambaya kafin ku kai sunan mutum inda ba a dawowa da shi.

Da za su fita da shi, jini a gemunsa, ya waiwayo wajen murhu ya ce:

"Tsohuwa, bar min ƙarfen a garwashi kada ya huce. Saura ƙafa ɗaya ban liƙa ba."