Ranar da na gayyaci shugaban 'yan awo taronmu

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin hawa keke daga ƙauyenmu zuwa Kankia, muka kafa wata 'yar ƙungiya ta ƙananan manoma. Ni aka ba shugabanci. Ba don ilimi ba, karatuna bai wuce firamare ba. Furfura ce kawai ta riga ta kowa fitowa.

Damuwarmu ɗaya ce, awo. Idan ka kai wake ko gero kasuwa, ɗan awo zai cika tiya ta yi tozo, sannan ya kewaye bakinta da hannunsa har gwiwar hannu, hatsi ya hau kan hannun, ya juye duka a buhu ya ce tiya ɗaya. Namiji mai baki yakan yi gardama a rage masa. Tsofaffin mata da waɗanda mazansu suka rasu kuwa, sai dai su tsaya suna kallo.

Wani malamin makaranta ɗan kudu da ke aiki a Kusada ya ba mu labarin wata gidauniya mai ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi, ya kuma taimaka muka nema. Abin da muke so bai da yawa: abin da za mu zaga ƙauyuka da shi, su Dudunni da Kafin Soli, mu haɗa kan masu sayarwa, mu tafi da murya ɗaya a daidaita awo. Sai aka aiko cewa wata jami'arsu za ta zo ta ji daga bakin mutane kafin su yanke shawara.

Tun daga ranar na shiga tsaka mai wuya. Shugaban 'yan awon kasuwarmu abokina ne, tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya. A wurinmu kuma ba a yin baƙo daga nesa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ba a sanar da manyan gari ba. In ya ji a bakin wani, me zan ce masa? Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na taka har rumfarsa na ce muna da baƙuwa, ya zo ya sa albarka. Ban gaya wa kowa a ƙungiya ba.

Ranar taro ya riga kowa zuwa, da babbar riga sabuwar guga. Dole na ba shi kujerar da ke kusa da ta baƙuwa. Mutane suna isowa, suna ganinsa, sai in ga kafaɗunsu sun sauka.

Baƙuwar mace ce mai matsakaicin shekaru, Hausarta tas kamar a nan aka haife ta. Bayan addu'a da gaisuwa ta ce, "To, ni saurare na zo yi. Me ke damunku a kasuwa?"

Wani ya gyara hula.

"Alhamdulillahi, Hajiya," in ji wani dattijo wanda jiya-jiya yake rantsuwa zai tona komai. "Kasuwa sai godiya."

"Ba matsalar awo?"

"A'a, to, ɗan abin da ba a rasa ba. Amma shugaba yana ƙoƙari."

Abokina ya yi murmushi ya ce, "Ai duk 'yan'uwa ne. Wanda aka cuta ya zo ya same ni."

Ina kallon baƙuwar tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, na san abin da take tunani: ga mutane sun nemi tallafi a kan matsalar da su da kansu suka ce babu. Na buɗe baki in yi magana, idona ya haɗu da na abokina, sai na ji kaina ina cewa a kawo wa baƙuwa ruwa.

Da ta ga abin ba ya tafiya, ta ce bari ta shiga ciki ta gaida matan gida. Na ji sanyi, na ce ko ba komai an huta.

Na manta katangar gidana gajeriya ce. Na kuma manta matar marigayi yayana tana ciki. Yaya nake ce mata. Ita ke noma 'yar gonar da ya bari, ita ke kai wakenta kasuwa da kanta, kuma tun tana amarya ba ta iya magana a hankali ba.

Ba a jima ba muka ji muryarta ta tsallako katanga.

"Mi suka ce miki? Sai godiya? Ƙarya suke, tsoro ne! Miƙo mini kwanon can in gwada miki. Kin ga hannuna? Haka ɗan awo yake yi, har nan. Wanga hannu nasa ya fi ni cin gonata!"

Mata suka kwashe da dariya, wata ta karɓa, wata ta ɗora. A waje kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma.

Abokina ya juyo a hankali ya dube ni. "Malam, don wannan ka kira ni? Kai ma haka kake gani?"

Wannan ita ce tambayar da na kafa ƙungiya don in amsa. Sai na ce, "Haba, rabu da su. Surutun mata ne."

Ina rufe baki na ga Yaya tsaye a bakin zaure, ta rako baƙuwa, kwanon yana hannunta. Dukansu sun ji. Yaya ta juya ta koma ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Abokina ya daina amsa gaisuwata da kyau, 'yan ƙungiya suna ganina suna sauya hanya, Yaya ta daina aiko mini da ɗanwaken da ta saba. Kullum wayata ta yi ƙara sai in zaci za a ce an fasa. Na riga na shirya yadda zan tsaya gaban mutane in ce ni na jawo.

Da saƙon ya zo ta hannun malamin nan, cewa aka yi an amince. Sai dai gidauniyar ta nemi matan da ke kai kaya kasuwa su ne za su ja ragamar aikin, maza su taimaka. Aka zauna, aka zaɓi Yaya. Ba wanda ya ce a cire ni, ni na ce na sauka, kuma ba wanda ya roƙe ni in zauna.

Su suka zaga ƙauyukan. Su suka je gaban shugabannin kasuwa da yawansu, aka yi ta ja-in-ja har kaka ta zagayo, kafin aka yarda tiya ta yi tozonta amma hannu ya bar bakinta. Ba kullum ake bi ba, amma yanzu mace tana iya cewa "sauke hannunka" a sauke. Ni da abokina mun shirya daga baya, a wurin wata jana'iza, ba tare da mun tada zancen ba.

Yanzu in na tuna, gayyatar da na yi masa ba ta cika damuna ba, ko yau aka yi baƙo zan sanar da shi. Amsar nan ce ke ci mini rai. Mutum ya tambaye ni gaskiya a gaban jama'a, na ɗauki tsorona na ɗora wa matar da ta fi ni ƙarfin hali.

Na daɗe kafin na iya zuwa neman gafararta. Na same ta tana shirin fita taro a Tafashiya, na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye. Ta bari har na gama, sannan ta ce, "Na yafe, ɗan nan. Tashi ka ɗaura tabarmin can a kekenka, kar mu makara."

Na ɗaura. Aikin da na riƙe a ƙungiyar ke nan har gwiwoyina suka gaza.