Ni Na Sa Wa 'Yar Mutane Rigar Maita

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina taɓe baki, ina mamakin yadda mai hankali zai tafka irin wannan wauta. Yau layi ya zo kaina. Ba zan ambaci suna ba, nawa ko na wani, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma abin da na riga na ja musu ya isa.

A lokacin shekarata ashirin da huɗu, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, na sami koyarwa a wata 'yar firamare mai zaman kanta a cikin birni, can wajen Limancin Kona. Daga Gyallesu nake zuwa kullum. Ina ji da kaina ƙwarai da gaske. Kwas ɗin wasan kwaikwayo na zango biyu kacal na yi a kwaleji, amma in ka ji ina magana sai ka rantse ni na ƙirƙiro fannin. Mutanen cikin birni kuwa kallon masu duhun kai nake musu, duk da cewa kakata ta wajen uwa a cikin ganuwar nan aka haife ta. Yadda nake tattare bakin hijabina a lungu kada ruwan kwata ya taɓa shi, haka nake tattare kaina daga mutanen.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, mai makarantar ya kira ni ofis. Mutum ne mai son a ce da shi, ga babbar riga ga Turancin da bai nuna ba, kuma ba abin da ke hana shi sukuni kamar makarantar da ke bayan layinmu. Ya ce yana son wasan da zai sa iyaye su kwashe yaransu daga can su kawo mana. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Akwai wani ɗan littafin Turanci mai hotuna da 'yan aji huɗu ke karantawa, labarin wata tsohuwa a bakin daji da ke sace inuwar yara tana zubawa a tulu, har wata yarinya mai wayo ta fasa tulun. A littafin tsohuwar abin dariya ce, mai dogon hanci da hula kamar mazurari. Ni kuwa da na zo mayar da shi Hausa sai na ga bai yi armashi ba. Na kira ta mayya ƙarara, na ce kurwar yara take kamawa, na sa tana lashe baki in ta ga yaro, tana amayo ƙanƙarar maita a tafin hannunta. Duk abin da na taso ina ji ana raɗawa a kan mayu sai da na zuba shi a ciki, ina ta yaba wa kaina.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da farko ba wadda na cuta na ba wa matsayin mayyar ba. 'Yar wani babban gida na ba wa, gidan malamai ne da kowa ya sani a unguwar. Washegari Hajiyar gidan ta aiko da saƙo ta bakin direba, ko zuwa ba ta yi ba, cewa jikarta ba za ta fito a wannan abu ba. Mai makaranta ya ce in mayar da jikar ta zama yarinya mai wayon da ke fasa tulu, mayyar kuma in nemi wadda iyayenta ba za su tayar mana da hankali ba. Na gane abin da yake nufi sarai. Na zaɓi wata yarinya 'yar shekara goma, baƙa siririya, mai murya da saurin hadda. Daga wani ƙauye suka zo, ubanta leburan gini ne, uwarta tana soya waina a ƙofar makarantar, ɗaki guda suke haya a wani gidan yawa. Saboda haka kada wanda ya ce ban san kalmar tana da nauyi ba. Na sani, na dai duba kan da zai ɗauka ba tare da an ji kukansa ba.

Uwar ta zo har ɗakin malamai. Na nuna mata kujera ta ƙi, ta durƙusa a bakin ƙofa, hannunta duk mai. Ta ce Malama a yi mata rai, a garinsu ba a wasa da wannan kalma. Ta ce su baƙi ne a nan, ba wanda ya san uwarta ko kakarta balle ya tsaya ya shaide su in magana ta tashi, kuma mutane sun ce abin a nono ake sha, don haka in an shafa wa 'yar an shafa mata da sauran ƙannen. Ta ce in ba yarinyar matsayin kura, ko ɓarauniya, ko jaki ma, za ta yi. Ni kuwa na gyara zama na yi mata lacca. Na ce wannan camfi ne, wasa wasa ne, irin wannan tunani ne ya hana mu ci gaba, ina yi ina jefa Turanci don abokan aikina su ji. Suka kuwa yi dariya. Ta tashi ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma wajen tandarta.

Mako shida muka yi muna gwaji. Ranar biki aka kafa rumfa, iyaye suka cika kujeru, mata ta baya maza ta gaba. Na shafa wa yarinyar toka a fuska, na yafa mata baƙin tsumma, na ba ta fararen tsakuwoyi uku ta ɓoye a kumatu. Wallahi ban taɓa ganin yaro ya yi wasa haka ba. Ta fito a duƙe tana shinshina iska, ta nuna jikar Hajiya da yatsa ta ce ga kurwarta can ta ɓuya a bayan randa kamar ɗan tsako, sannan ta tofo tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya. Wuri ya yi tsit. Wata tsohuwa ta yi a'uziyya ta ja jikanta suka fita, na bi ta da harara. Sauran suka tafa har da tsayuwa, wayoyi a sama ana ɗauka. Mai makaranta ya riƙe lasifika yana cewa shi ya ba da shawarar wasan tun daga farko.

Ba a yi kwana goma ba jikar Hajiya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Cikin sambatu ta riƙa kiran sunan yarinyar tana cewa ta sake ta. To me za ta kira? Mako shida wannan yarinya tana bin ta da gudu a filin makaranta bisa umarnina, ni ce ma nake cewa ta ƙara zare ido. Amma kafin la'asar magana ta gama unguwa. Mutanen da suka tafa su ne suka fito da wayoyinsu suna nuna wa juna, wai a dubi idonta, wai yaro ba ya iya wannan sai in a gida ya gani, wai tsakuwar nan daga ina ta fito. Daga bakin ƙofar ɗakinmu na tsince su, ni da hannuna na wanke su da omo. Matan da ke layi a gaban tandar uwar suka ɗauke ƙafa. A gidan hayar aka daina ɗibar ruwa da gugansu, aka hana yara shiga ɗakinsu. Waɗanda suka fi kowa zaƙewa kuwa ba jahilan da nake rainawa ba ne, har da malaman da suka taya ni dariya, ɗaya ma ta sa wa ɗanta laya a wuya.

Uwar ta sake zuwa, wannan karon har gidanmu a Gyallesu, a ƙafa. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce gobe za a zauna a zauren mai unguwa, in zo in faɗa da bakina cewa ni na rubuta maganganun, ni na ba da tsakuwar, yarinya hadda kawai ta yi. Na ce mata in sha Allahu. Da na gaya wa mai makaranta sai ya zare tabarau ya ce kada in kuskura in ja sunan makarantarsa cikin rigimar unguwa, in na je kada in dawo. Wannan shi ne mutumin da ya ce shi ya kawo shawarar wasan. Ban je ba. Na zauna a aji ina maka jan biro a littattafan yara, ina gaya wa kaina ai ƙura ce za ta lafa. Daga baya na ji mai unguwa ya yi iya ƙoƙarinsa, limami ma ya ja kunne a kan ƙazafi, amma ba shaida, kuma matan babban gida ba su jira hukuncin kowa ba. Suka sa aka kawo yarinyar, aka tilasta mata tsallaka marar lafiyar sau uku, tana kuka tana cewa Malama ce ta koya mata.

Marar lafiyar ta warke. Dama tun kwana biyu kafin nan an fara yi mata allurai a asibiti, amma wa zai tuna da allura? Aka ce ga shi nan, da ta tsallaka ta saki. Da marar lafiyar ta mutu da an ce ta cinye ta, da ta tashi aka ce ta sake ta. Kafin a tafi hutu sun kwashe 'yan komatsansu sun bar birnin. Inda tandar take wata ta zo ta kafa tata, layi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na yi aure, na haihu, na bar koyarwa. A bara na je kasuwa sayen kayan miya da 'yata mai shekara huɗu, sai na ji wata budurwa mai sayar da kuka da kuɓewa ta ce Malama ina wuni. Muryar na fara ganewa. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gida, ba ta ɗaga tsohon zance ba. Na tambayi karatu ta ce tun wancan lokaci ba ta koma ba. Na tambayi aure ta yi murmushi ta ce sau biyu ana kawo gaisuwa, in an je bincike sai a ji shiru. Sai ta dubi 'yata ta ce masha Allah, ta miƙo mata ɗan ƙullin aya.

Ban san lokacin da hannuna ya fizgo 'yata ya mayar da ita bayana ba. Ni, mai lacca a kan camfi. Ni da na san inda tsakuwar ta fito. Ta ga abin da na yi. Ta mayar da ayar cikin faranti, ta tambaye ni kuka ta nawa za a zuba.

Na raina mai makaranta, na raina matan babban gida, na raina masu tafi da safe su yi jifa da yamma, kuma har gobe ban ga dalilin daina raina su ba. Amma duk cikinsu ba wanda na raina kamar matar da ta tsaya a kasuwa ranar nan tana ɓoye 'yarta. Ashe ilimin da nake taƙama da shi a baki ya tsaya, bai taɓa sauka ƙasa ba.

Malamai masu shirya wa yara wasa, ina roƙonku. Littafi ana rufe shi a mayar da shi ma'ajiyarsa, amma yaro a unguwa zai kwana, cikin mutanen da suka kalle shi. Kafin ku ɗora wa ɗan wani matsayi, ku tambayi kanku ko za ku yarda a ɗora wa naku. In uwa ta durƙusa ta ce a yi mata rai, ku saurare ta, ta fi ku sanin inda take zaune. In kuma abu ya ɓaci ta dalilinku, ku je zauren ku buɗe baki, ko da aikin zai tafi. Ni ban je ba. Na koma kasuwar nan sau huɗu don in nemi gafararta, maƙwabtan rumfar suka ce tun ranar ba ta sake fitowa ba.